Abin Da Ke Ɓata Hoto Tun Kafin Ya Hau Inji A Maɗaba'un Yola Da Jimeta

Duk wanda ya bi titin Mohammed Mustapha ko na Atiku Abubakar a Jimeta, ko ya ratsa ta bakin babbar kasuwar garin, ba zai rasa ganin aikin maɗaba'a ko ta ina ya juya ba. Ga kyallayen tallar makarantu masu neman sababbin ɗalibai, ga kalandar biki da ta saukar karatu da ta naɗin sarauta a rataye cikin shaguna, balle kuma lokacin siyasa, irin na zaɓen 2023, sa'ad da da wuya a sami katangar da ta tsira daga fosta. In mutum ya tsaya ya dubi waɗannan hotuna da idon basira, zai ga waɗansu garau, har ana iya ƙidaya zaren aikin hula. Waɗansu kuwa fuskar mai hoton ta dagule, gefen kunnensa ya yi haƙora kamar zarto, rigarsa kuma ta yi wani irin zane mai kama da igiyar ruwa wanda babu shi a jikin yadin da ya sa.

Idan haka ta faru, wanda akan fara kamawa da laifi shi ne mai jan inji. A ce ya cika tawada, ko injinsa ya tsufa, ko bai san aikinsa ba. Wani lokaci gaskiya ne. Amma mafi yawan aibin da ake gani a hoton da aka buga, an haife shi ne tun a cikin waya ko kwamfuta, kwana da kwanaki kafin takarda ta shiga inji. Inji ba ya ƙirƙiro abin da ba a ba shi ba, ba ya kuma ɓoye abin da aka ba shi. In aka ba shi hoto mai lahani, zai maimaita lahanin nan sau dubu biyar ba tare da ya gaji ba.

Maganar kuwa ba ta ado kaɗai ba ce, ta dukiya ce. Masana'antun takarda uku da ƙasar nan ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da kasa biyan bukata, saboda haka yawancin takardar bugu daga ƙasashen waje ake sayo ta, haka tawada da faranti. Faɗuwar da darajar naira ta yi daga watan Yuni na 2023 kowane mai maɗaba'a ya ji ta a jikinsa. Daɗin daɗawa, Yola tana can kusurwar gabas, kusa da iyakar Kamaru, kuma masu manyan ayyuka sukan aika da su Kano ko Kaduna ko Abuja, wani lokaci har Shomolu ta Ikko. Wanda ya aika da fayil mai aibi irin wannan nisa, ba zai san abin da ya faru ba sai ranar da aka sauke masa ɗaurin takardu a tasha, ga biki gobe.

YADDA HOTO KE ZAMA ƊIGO

Kafin mu shiga cikin aibobin, ya kamata mai karatu ya san abu guda game da injin bugu, watau ba ya iya sa tawada kaɗan a nan da yawa a can. Ko dai ya sa, ko kada ya sa. To, yaya ake samun inuwa da haske da tsaka-tsaki a fuskar mutum? Dabarar ita ce a farfasa hoton ya zama ɗige-ɗige, inda duhu yake ɗigon ya zama babba, inda haske yake ya zama ƙarami, ido kuwa daga nesa sai ya haɗa su ya ga hoto. Wata jaridar birnin New York mai suna Daily Graphic ta buga hoto da irin wannan dabara a watan Maris na 1880, Georg Meisenbach na Jamus kuma ya yi rajistar tasa hanyar a 1882. A da, ta cikin wani gilashi mai layuka kamar rariya ake tace hoton. Yanzu kwamfuta ke yin tacewar, amma lissafin bai sake ba.

Ƙanƙantar idon wannan rariya ita ake aunawa da yawan layukan ɗigo a cikin inci guda. Jarida, da yake takardarta mai shan tawada ce, takan tsaya wajen layi 85 zuwa 100. Mujalla da kalanda a takarda mai sheƙi sukan kai 133 ko 150. Littattafan hotuna masu tsada sukan wuce haka, su kai 175 ko 200. Mai launi kuwa sau huɗu ake yi masa wannan aiki, da faranti huɗu: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Su ne masu sana'ar ke kira CMYK.

Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta shi ma ba dunƙulallen abu ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, a jere kamar tubala, kowace ƙwaya da launinta. Aikin share fagen bugu duka bai wuce mai da waɗannan ƙwayoyi su zama ɗigon tawada ba, kuma a wannan mararraba ce yawancin ɓarna ke aukuwa.

ƘWAYA NAWA KE CIKIN HOTON?

Ƙa'idar da masana ɗab'i suka daɗe suna bi ita ce, yawan ƙwayoyin hoto a kowane inci ya ninka yawan layukan rariya sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Daga nan aka samo lambar nan 300 da kowane mai tsara shafi ya haddace, domin 150 sau biyu ke nan. Amma da yawa sun haddace lambar ba su riƙe sharaɗinta ba. Sharaɗin kuwa shi ne, 300 ɗin nan a girman da za a buga hoton ake ƙidaya ta, ba a girman da yake a fuskar kwamfuta ba.

Alal misali, shafin A4, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7, yana bukatar hoto mai ƙwaya 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo in ana so ya cika shi. Shafin A3, wanda akan yi fosta da kalanda da shi, yana bukatar 3,508 da 4,961. Wayar da ke ɗaukar hoto mai ƙwaya miliyan 12, watau 4,000 da 3,000, ta wadatar da A4 har da saura, kuma a A3 za ta ba da kimanin 240 a inci, wanda ba laifi. Ashe ke nan wayar da ke aljihun ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama ko ɗan kasuwar Jambutu ta isa ta yi hoton kalanda mai kyau.

Matsalar tana wajen aikawa. WhatsApp, wanda ta cikinsa kusan kowane hoto ke isa maɗaba'a a yau, idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba yakan rage shi ya koma kimanin ƙwaya 1,600 a gefensa mafi tsawo, domin ya yi saurin tafiya. Hoto mai ƙwaya miliyan 12 sai ya dawo bai kai miliyan 2 ba, watau an zubar da fiye da kashi biyar cikin shida. Ƙwaya 1,600 in aka jera su 300 a inci, ba su wuce santimita 13 da rabi ba, tsawon katin gayyata ke nan. In aka ja shi ya cika A3 mai tsawon santimita 42, abin da zai rage a kowane inci bai kai 100 ba. A nan ne haƙoran zarto ke fitowa a gefen kunne da bakin hula.

Sai ka ji mai aiki yana cewa, "Haba Malam, ai a wayata garau yake." Gaskiyarsa, domin fuskar waya tafin hannu ce. Mai tsara shafi kuma, don kada a ce ya cika tsirfa, sai ya buɗe kwamfuta ya rubuta 300 a gurbin da ake rubutawa, ya ɗauka ya gyara. Abin da kwamfuta ta yi kawai shi ne ta ƙirƙiro ƙwayoyin cike gurbi tsakanin na asali. Haƙoran za su ragu, amma fuskar za ta yi dishi-dishi kamar an hango ta cikin hazo. Wanda ya tsarma nono da ruwa ya cika ƙwarya, amma bai ƙara nono ba.

Maganin kuwa ba ya cin ko kwabo. A tura hoton a matsayin takarda ko fayil, ba a matsayin hoto ba, domin ta wannan hanya WhatsApp ba ya taɓa shi. Tun 2023 an ƙara wani zaɓi mai alamar HD wanda ya fi na da, amma shi ma yana matse hoton. In mai hoto na sana'a ne ya ɗauka, a karɓo asalin daga wurinsa a filashi. Hoton da aka kwafo daga Facebook, ko wanda aka ɗauko ta hanyar ɗaukar fuskar waya, bai kamata ya hau faranti ba sai in babu wani a duniya.

A nan ya kamata a yi wa masu kyallen talla adalci. Allon da aka kafa a shataletale, wanda ake kallo daga cikin mota, ba ya bukatar 300. Ƙwaya 30 a inci, ko ma ƙasa da haka, ta ishe shi, domin nisa yana rufe aibi. Kyallen da za a rataya a bayan ango da amarya, inda mutane za su tsaya dab da shi, yana son wajen 100. Masu nace wa 300 a kan kyalle mai kamu goma ba abin da suke yi sai wahalar da kwamfuta.

MATSI, DA LANƘWASAR HARAFI

Aibi na biyu ya fi na farko ɓuya. Yawancin hotuna a sigar JPEG ake ajiye su, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a 1992. Hikimarta ita ce ta yanka hoto gida-gida, kowane gida ƙwaya 8 a faɗi 8 a tsawo, sa'an nan ta zubar da ƙananan bambance-bambancen da take ganin ido ba zai lura da su ba, musamman na launi. Abin da ta zubar ya tafi ke nan. In matsin ya yi yawa, sai gidajen nan su fara bayyana a kumatu da goshi da sararin sama kamar daɓen tayil, a gefen rubutu kuma a ga wani ƙura-ƙura kamar sauro na shawagi.

Abin da ya fi muni shi ne, duk sa'ad da aka buɗe hoton aka yanke shi ko aka sake girmansa aka kuma ajiye shi a JPEG, an sake yi masa wani sabon matsi a kan na da. Hoton da ya tashi daga mai hoto zuwa ango, daga ango zuwa abokinsa, daga abokin zuwa dandalin 'yan kwamitin biki, sa'an nan zuwa maɗaba'a, ya sha matsi sau da yawa a hanya. Ƙa'idar aiki ita ce, da zarar hoto ya iso, a ajiye asalinsa gefe guda kada a taɓa, a yi aiki a kan kwafinsa a sigar TIFF ko ta Photoshop, waɗanda ba sa zubar da kome. Sigar PNG ita ma ba ta zubarwa, amma don fuskar kwamfuta aka yi ta, ba ta ɗaukar launuka huɗu na maɗaba'a.

Wannan batu ya shafe mu fiye da yadda ya shafi masu rubutun Ingilishi. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ. Fulatanci, wanda shi ne harshen fadar Lamiɗo da na gidaje masu yawa a Yola, yana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ. Abin da ya raba waɗannan haruffa da 'yan'uwansu ɗan lanƙwasa ne wanda a ƙaramin rubutu bai fi ƙwaya uku ko huɗu ba. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939 ake kula da waɗannan lanƙwasoshi, domin su ne ke raba ƙafa da kafa, da ɓata da bata, da ɗaki da daki. To, al'adar da ta yaɗu yanzu ita ce, mai tsara shafi ya gama aikinsa a CorelDRAW, don gudun kada haruffansa su rikice a kwamfutar maɗaba'a sai ya mai da shafin duka, da hoto da rubutu, ya zama JPEG guda. Nan take rubutun da yake zanen layi ne mai kaifi, wanda ake iya ƙara wa girma yadda aka ga dama, ya koma ƙwayoyi, ya sha matsi, sa'an nan rariya ta sake farfasa shi. Lanƙwasar ƙ sai ta zama ɗan tabo. Haka abin yake ga rubutun ajami da na Larabci, inda ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, da kuma lambar NAFDAC da ƙananan layukan farashi da ake bugawa a jikin kwalin kaya.

Hanyar da ta dace ita ce a bar rubutu a matsayinsa na zanen layi. In ana tsoron rikicewar haruffa, CorelDRAW yana da umarnin da ke mai da su zane ba tare da sun zama ƙwayoyi ba. Sa'an nan a fitar da aikin a sigar PDF, musamman irin wadda aka keɓe wa maɗaba'a, PDF/X-1a, wadda ta zama ƙa'idar duniya a 2001. A kuma duba saitin fitarwar, domin wanda aka tanada don aikawa ta intanet yakan rage hotunan da ke ciki a asirce. In kuwa dole ne a ɗauki hoton rubutu, kamar shafin ajami na hannu da za a buga da baƙi zalla, to 300 ba ta isa ba, ana bukatar 800 zuwa 1,200.

IGIYAR RUWA A JIKIN RIGA

Wanda ya taɓa ɗora gidan sauro a kan wani gidan sauro ya ga yadda wani zane mai lanƙwasa ke fitowa, wanda babu shi a ɗayansu. Wannan shi Faransawa suka raɗa wa suna muware, kuma yana fitowa duk inda jeri biyu masu tsari suka hau kan juna a karkace. Don gudunsa ne aka ba kowane faranti kusurwarsa: baƙi digiri 45, ja 75, shuɗi 15, rawaya kuwa sifiri. Launuka uku masu ƙarfi akwai digiri 30 tsakaninsu, rawaya da ba ta cika ɗaukar ido ba ita aka bar wa matsattsen wuri. In aka fitar da faranti biyu a kusurwa guda, ko aka sake yin faranti ɗaya a wata na'ura dabam da ta sauran ukun, aikin ya tashi.

Amma inda muware ya fi kama mu shi ne wajen tsofaffin hotuna. Za a yi kalandar tunawa da wani dattijo, ko littafin tarihin wata makaranta tun zamanin Jihar Gongola, wadda aka kafa a 1976 aka raba ta a 1991, sai a tarar hoton da ya rage shi ne wanda aka taɓa bugawa a jarida ko a tsohuwar kalanda. Wannan hoto ya riga ya bi ta rariya sau ɗaya. In aka ɗauke shi da sikana aka sake tace shi, an ɗora gidan sauro a kan gidan sauro ke nan. Abin yi shi ne a ɗauke shi da ƙwayoyi masu yawa, 600 ko fiye, a yi amfani da saitin share ɗigo da ke cikin sikana, ko a ɗan dusashe shi har ɗigon ya narke, sa'an nan a rage girmansa. Ba zai taɓa kai asali ba, saboda haka a buga shi ƙarami. Kafin duk wannan, a aika gida a bincika akwati da bangon ɗaki, sau da yawa asalin hoton yana nan cikin firam.

Tufafinmu ma suna da nasu rabo. Saƙi mai ƙananan ratsi, da aikin hular zanna, da leshi, da rufin kwano in an hango shi daga nesa, duka jeri ne masu tsari. Wani lokaci tun a cikin kyamara muware ke kama su, wani lokaci sai a faranti. Mai tsara shafi ya dubi irin waɗannan wurare a cikakken girmansu, domin fuskar kwamfuta takan nuna muware na ƙarya in an rage hoto, ta kuma ɓoye na gaskiya.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙananan maɗaba'u musamman. Na'urar da ke zana faranti kai tsaye daga kwamfuta tana da tsada, saboda haka da yawa sukan fitar da aikin ta firinta ta ofis a kan takarda mai shara-shara, su gasa faranti da ita. Ga rubutu da rasit da fom ba laifi. Ga hoto kuwa lissafi ya ƙi. Babbar na'ura mai ɗigo 2,400 a inci, a rariya mai layi 150, tana iya ba da matakan inuwa 256 daga fari zuwa baƙi. Firinta mai 600, a rariya mai layi 100, matakai 37 kawai take iyawa, in kuwa aka matsa mata zuwa 150 sai su koma 17. To, a ɗauki fostar da bayanta launi ne mai dusashewa a hankali daga kashi 10 zuwa kashi 30 a tsawon santimita 42. A firintar nan matakai bakwai kacal zai samu, kowanne faɗinsa santimita 6, sai bayan fostar ya fito hawa-hawa kamar matakalar bene. Wanda ya san da irin wannan fim za a yi aikinsa, gara ya sassauta rariyar zuwa 85, ya kuma haƙura da launi mai dusashewa.

BAƘAR FUSKA DA FARAR SHADDA

Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke fitarwa, ja da kore da shuɗi. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Akwai launukan da fuskar waya ke nunawa waɗanda tawada huɗu ba za su taɓa kaiwa ba, irin su shuɗi mai walƙiya da kore shar mai ƙyalli. In aka bar juyin launin ga na'urar ƙarshe, ita za ta zaɓa, shuɗin kuma yakan karkata ya koma shunayya. Gara mai tsara shafi ya juya da kansa, ya gani da idonsa, ya nuna wa mai aiki tun da wuri.

Sa'an nan ga naso. Ɗigon tawada in ya sauka a takarda yakan bazu. A takardar jarida, ɗigon da aka tsara ya rufe kashi 50 yakan fito kamar kashi 75, a takarda mai sheƙi kuwa nason bai kai haka ba. Wannan ya fi cutar da hotunanmu, domin fuskar baƙin mutum a ɓangaren duhu take, inda ɗigo ya riga ya yi girma, ƙaramin naso sai ya toshe 'yar tazarar da ta rage. Ga shi kuwa adon namiji a Yola, kamar sauran garuruwan Arewa, farar shadda ce da farin rawani. Kyamara in ta ga fari mai yawa takan rage haske don kada rigar ta ƙone, fuskar kuwa sai ta nutse. Masana'antar hoto kanta ta daɗe ba ta damu da wannan ba: katin da kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto don daidaita launi tun daga shekarun 1950 hoton Baturiya ne, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata dabam-dabam. Saboda haka kada mai tsara shafi ya dogara da abin da na'ura ta zaɓa. Ya buɗe inuwar fuskar ita kaɗai, ya bar rigar yadda take, ya kuma tabbata a wuri mafi haske na shaddar akwai ɗan ɗigo, ko da kashi 3 ne, don aikin wuya ya fito.

Jimlar tawada huɗu a wuri guda ita ma tana da iyaka, kimanin kashi 240 a takardar jarida, 300 a mai sheƙi. In ta wuce, ba ta bushewa, sai ta shafi bayan takardar da ke samanta. Ƙaramin rubutu baƙi kuwa a bar shi baƙi zalla a faranti ɗaya. Injin da ƙananan maɗaba'un ƙasar nan suka fi dogara da shi, Kord 64 na kamfanin Heidelberg na Jamus, launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, watau takarda sai ta ratsa shi sau huɗu. Rubutun da aka haɗa baƙinsa da launi huɗu, in ɗaya ya goce da kaurin gashi, sai a ga harafi da inuwar ja a dama, ta shuɗi a hagu.

A nan ne rabon mai jan inji na gaskiya yake, shi da yanayin garin. Takarda tana shan raɓa tana miƙewa, tana bushewa tana tsukewa. A damina, ga laimar kogin Binuwai, takardar da aka buga wa shuɗi da safe aka bari sai gobe ba lalle ta koma daidai wurinta ba. Da hunturu ƙurar da ke sauka kan gilashin sikana da fim da faranti takan bar fararen tabo. A watan Maris da Afrilu kuwa, sa'ad da zafin Yola ke wuce digiri 40, tawada takan yi ruwa, naso ya ƙaru.

Wani sabon abu da ya shigo shi ne manhajojin waya masu cewa suna farfaɗo da hoton da ya dusashe. Lalle suna fito da fuska mai kaifi, amma ba dawo da abin da ya ɓace suke yi ba, zato suke yi bisa ga dubban fuskokin da aka horar da su a kai. Sukan goge tsagar gado su ɗauka tabo ce, su sake siffar ido, su mai da fatar dattijo sumul kamar ta roba. Ga bangon fosta ko hoton gini ba kome. Ga fuskar mamaci da za a raba wa 'ya'ya da jikoki, a nuna wa wanda ya san shi tukuna. Haka kuma masu ƙara wa hoto kaifi fiye da kima, har wani farin zobe ya kewaye kai da kafaɗa, su sani inji zai fito da zoben fiye da yadda suka gan shi.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma yawancin aikin biki da na siyasa a daren ƙarshe ake kawo shi, kuma gwaji shi ne abin da akan fara tsallakewa. Alhali kuwa binciken bai wuce na minti goma ba. A buɗe fayil ɗin ƙarshe, ba na aiki ba, a ƙara masa girma har kashi 200, a bi fuska da gefen rubutu da bayan hoto. A duba kowane faranti shi kaɗai a ga ko ƙaramin rubutu ya faɗa cikin huɗun. A yanko ɓangaren fuskar a buga shi a ainihin girman da zai fito, ko da a takardar A4 ce, a miƙa wa mai aiki ya sa hannu a bayanta. In aikin Kano ko Kaduna za shi, a buga gwajin biyu, ɗaya ya bi direba, ɗaya ya zauna a Jimeta.

Wajen duba gwajin ma akwai ƙa'ida. Manyan maɗaba'u suna da fitila ta musamman mai kwaikwayon hasken rana, domin farin ƙwan lantarki na shago yakan sa launi ya karkata zuwa shuɗi, jan ƙwai kuma zuwa rawaya. Wanda ba shi da irin wannan fitila sai ya fito da takardar ƙofar shago, ya tsaya a inuwa da hantsi, ya riƙe ta a nisan da mai karatu zai riƙe ta.